Jan Jini, Koren Jini: Yadda Duniya Ta Saba da Kisa a Wasannin Gem

A ranar 13 ga Satumban 1993 aka fitar da wasan Mortal Kombat a na'urorin gem na gida, kuma manyan kamfanonin Japan biyu da ke riƙe da kasuwar, Nintendo da Sega, kowa ya bi tasa hanya. Wasan dambe ne, amma irin wanda idan ka kayar da abokin karawa ake ba ka damar fizge masa kai ko ciro masa zuciya. Nintendo ta ce ba da ita ba. Ta mayar da jinin wani gumi mai ruwan toka, ta sassauta munanan kashe-kashen. Sega kuwa ɓoye jinin kawai ta yi: kafin a fara wasa sai ka danna A, B, A, C, A, B, B a kan abin riƙewa, nan take komai ya dawo. Cikin 'yan kwanaki babu yaron da bai haddace haruffan nan bakwai ba. Na Sega ya fi sayuwa nesa ba kusa ba. Da aka zo kashi na biyu a 1994, Nintendo ta saki jinin yadda yake.

Kasuwa ta riga ta yanke hukunci, saura 'yan siyasa. A Disambar 1993 sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka, aka haska Mortal Kombat da wani wasa mai suna Night Trap a gaban 'yan jarida. Saƙon da aka ba kamfanoni a fili yake: ko ku tsara wa kanku hanyar tantance wasanni, ko gwamnati ta tsara muku. A 1994 suka kafa hukumar ESRB, wadda har yau ita ke liƙa harafi a jikin kwalin wasa a Amurka da Kanada. E na kowa da kowa, T daga shekara 13, M daga 17, AO kuma na manya zalla.

An kafa tsarin don a taƙaita zubar da jini, amma abin da ya faru shi ne ya ba shi lasisi. Kafin harafin M, duk wasa ana ɗaukarsa kayan yara, don haka kowane ɗigon jini abin kunya ne ga kamfani. Bayan harafin M, kamfani yana da amsa a aljihu: mun rubuta a kwali, wanda ya saya wa ɗansa shi ya sani. Turai ta bi sahu da PEGI a 2003, mai lambobin 3, 7, 12, 16 da 18, Japan kuma ta riga ta kafa CERO a 2002. A lokaci guda yaran da suka danna ABACABB suka girma, suka kama aiki, suka zama su ne masu kuɗin saye, wasunsu ma su ne masu ƙera wasannin. Da Grand Theft Auto V ya fito a Satumban 2013, wasan da kake sace mota, ka yi fashi, ka banke mai tafiya a ƙasa idan ka ga dama, cikin kwana uku ya tara dala biliyan ɗaya. Abin da ke kawo irin wannan kuɗi ba a ƙara kiransa ɓarnar yara.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa tun farko harbi da duka suka mamaye wannan sana'a? Masu suka na cewa kamfanoni ne ke cin kasuwar mugun hali. Da gaskiya a ciki, amma akwai dalilin da ya fi wannan daɗewa, kuma na fasaha ne. Abu mafi sauƙi da kwamfuta ke iya lissafawa shi ne ko abu biyu sun taɓa juna. Ana zana wa kowane mutum a cikin wasa wani akwati marar ganuwa da ya kewaye jikinsa, a ba shi maki na rai, a ce ɗari. Harsashi layi ne da ake ja daga bakin bindiga. Idan layin ya ratsa akwatin ƙirji a cire talatin, idan na kai ne a cire duka. Lissafin yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, kuma mai wasa yana ganin sakamakon ƙwarewarsa nan take: ya saita, ya danna, abu ya faɗi. To gwada rubuta wa kwamfuta yadda ake lallashi, ko sulhunta 'yan'uwa biyu, ko ciniki da mai tumatir. Shekaru da dama wannan ya gagari masu ƙira, sai dai su ba ka jimloli uku ka zaɓi ɗaya. Shi ya sa Spacewar!, wanda aka rubuta a jami'ar MIT ta Amurka a 1962, jirage biyu ne ke harbin juna, tun kafin a san za a sayar da irin wannan abu. Jinin da ƙarar da girgizar abin riƙewa daga baya aka ƙara su, kuma babban aikinsu shi ne su shaida wa mai wasa cewa ya samu. Ƙwararrun 'yan gasa ma sukan rage adon hoton don su fi ganin abokin gaba, wanda ke nuna cewa su ba jinin suke kallo ba.

Wannan ba ya wanke kowa. Akwai wasannin da azabtarwar ita ce hajar, kamar Manhunt na 2003, inda ake ƙara maka daraja gwargwadon munin kisan da ka yi. Bambanci tsakanin irin wannan da wasan da harbi kawai hanyar cin maki ne, shi ne abin da harafin kwali ba ya iya nunawa sosai, don duka biyun M ake ba su.

Inda maganar ta fi daɗin nazari shi ne yadda kowace ƙasa ke zaɓar abin da za ta toshe. Da a ce kisan kansa ake ƙyama, da almakashin kowa wuri ɗaya zai yanka. Ba haka abin yake ba.

A Amurka, a 2005, aka gano wani ɓoyayyen ɓangare na jima'i a cikin fayilolin Grand Theft Auto: San Andreas, wanda sai an yi wa wasan kutse ake iya buɗewa. Wasan da tun 2004 ake harbe 'yan sanda a cikinsa da harafin M ba tare da an janye shi ba, sai ga shi an mayar da shi AO, manyan kantuna suka sauke shi daga kanta, kamfanin ya sake buga shi bayan ya goge wurin. AO a can tamkar hukuncin kisa ne ga wasa, domin Sony da Nintendo da Microsoft ba sa yarda da shi a na'urorinsu. Kotun ƙoli ma ta tabbatar da wannan rabe-rabe. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005, wadda gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa wa hannu, mai cin tarar dala 1,000 ga duk wanda ya sayar wa ƙaramin yaro wasa mai tsananin tashin hankali. A Yunin 2011 alƙalai bakwai cikin tara suka soke ta. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce wasan gem magana ce da tsarin mulki ya kare kamar littafi da fim, kuma Amurka tana da tarihin kange yara daga batsa amma ba ta da irinsa a kan labaran zubar da jini, ya kawo misali da tatsuniyoyin Turawa da ake karanta wa yara, waɗanda ke cike da ƙone mayu da ƙwaƙule ido. Mai shari'a Stephen Breyer, cikin biyun da suka ƙi, ya nuna rashin ma'anar abin: doka ta hana sayar wa ɗan shekara 13 mujalla mai hoton mace tsirara, amma ta kare sayar masa wasan da zai ɗaure mace ya azabtar da ita ya kashe, matuƙar dai tana sanye da riga.

Jamus kuwa akasin haka ce. Tsiraici bai cika tayar musu da hankali ba, amma tarihin Nazi ya sa ɗaukaka kisa laifi ne a kundin dokokinsu. Shekaru da yawa kamfanoni sai sun yi wa Jamus bugu na daban. A Half-Life na 1998 an mayar da sojojin da kake harbi mutum-mutumin ƙarfe, masana kimiyyar da ke cikin wasan kuma idan ka harbe su ba sa mutuwa, zama suke yi a ƙasa suna girgiza kai. Carmageddon na 1997, wasan banke mutane da mota, a Jamus ƙarafa ake bankewa, a Ingila kuma gawarwaki masu tafiya da koren jini. Bayan wani tsohon ɗalibi ya kashe mutum 16 a wata makaranta a garin Erfurt a Afrilun 2002, sabuwar dokar kare matasa ta 2003 ta sa lambar shekarun USK, hukumar tantance wasanni ta Jamus, ta zama tilas ga mai kanti, ba shawara ba. Alamar Nazi kuma sai a Agustan 2018 aka fara yarda ta fito a wasa, ko da wasan na yaƙar Nazi ne.

Wasa ɗaya, Fallout 3 na 2008, ya isa misali. A cikinsa kai na tarwatsewa a hankali a gaban idonka. Ostireliya ta ƙi ba shi izini, amma ba don wannan ba: don ana amfani da allurar mofin da sunanta na gaskiya tana ƙara wa mai wasa ƙarfi. Kamfanin ya canza mata suna zuwa Med-X a duk duniya, aka wuce wurin. A Japan kuma abin da aka cire shi ne damar tayar da bam ɗin nukiliya a tsakiyar wani gari. Ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba.

Sin ta bi tata dabarar. A Mayun 2019 kamfanin Tencent ya rufe PUBG a ƙasar ya maye gurbinsa da Game for Peace. Taswira iri ɗaya, bindigogi iri ɗaya, 'yan wasa ɗari suna faɗowa daga jirgi, sai dai an kira shi atisayen soja, babu jan jini, wanda aka harbe kuma yana ɗaga hannu ya yi bankwana. Abin da ya fi damun hukumomin can lokaci ne. Tun Agustan 2021 'yan ƙasa da shekara 18 sa'a ɗaya kawai aka ba su ta wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

A ƙasashen Musulmi ma tsarin bai canza ba, wurin ciwon ne daban. An samu hani saboda tashin hankali, gaskiya ne: majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG a Afrilun 2019, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramta shi a Yunin shekarar, Jodan ta toshe shi a Yuli. Amma duba abubuwan da suka sa kamfanoni gaggawar neman afuwa. A 2008 Sony ta janye LittleBigPlanet, wasan yara marar ɗigon jini, daga kantunan duniya ana gab da fitarwa, saboda wata waƙa a ciki ta ƙunshi ayoyin Alƙur'ani. A 2012 aka sauke wata taswira ta Call of Duty: Modern Warfare 2 na ɗan lokaci saboda an ga rubutun hadisi a jikin firam ɗin hoto a cikin banɗaki. A 2021 masu Call of Duty: Vanguard suka ba da haƙuri kan shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a wani ɓangare na wasan. Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe daidai suke. Abin lura kawai shi ne harbin bai hana kowa barci ba, duk da cewa a wasannin soja da yawa na shekarun bayan 2001 wanda ake harbin mai rawani ne a garin da ya yi kama da Bagadaza. A 2024 Riyad ce ta karɓi gasar wasannin gem ta Esports World Cup karo na farko, da kyautar da ta haura dala miliyan 60, kuma Counter-Strike da Call of Duty da PUBG da Free Fire duk suna cikin jerin.

To shin wasannin suna sa mutum ya yi kisa? An fi shekara 30 ana wannan gardama, kuma rabin rikicin ya taso ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: zafin rai, da aikata ta'asa. Ba za ka iya kawo ɗalibai ɗakin gwaji ka auna ko za su soki wani ba. Don haka masu bincike suka ƙirƙiro ma'aunai na wakilci. A bar ɗalibi ya yi wasa na minti 15 ko 20, sannan a ce ya zuba wa wani mutum yaji a abinci, bayan an gaya masa mutumin ba ya son yaji, a auna yawan abin da ya zuba. Ko a sa shi gasar saurin danna maɓalli da wani abokin karawa da babu shi, in ya ci ya zaɓi ƙarfi da tsawon ƙarar da za a sakar wa wancan a kunne. A irin waɗannan gwaje-gwaje akan ga ɗan ƙari wajen waɗanda suka yi wasan harbi. Craig Anderson da Brad Bushman su ne fitattu a wannan ɓangare, Christopher Ferguson kuma a ɓangaren masu musu.

Matsalolin gwajin ba ƙanana ba ne. Gwajin ƙarar ba shi da hanyar lissafi ɗaya: wani ya ɗauki ƙarfin ƙarar, wani tsawonta, wani zagayen farko kawai, wani ya ninka biyun, har aka ƙirga hanyoyi sama da ɗari a takardun da aka buga. Mai hanyoyi ɗari na karanta sakamako ɗaya da wuya ya rasa wadda za ta ba shi abin da yake nema. Sannan wasannin da ake kwatantawa sukan bambanta ta fuskoki da yawa ban da jini. Na harbin ya fi sauri, ya fi wuya, kuma gasa ce. Paul Adachi da Teena Willoughby na jami'ar Brock a Kanada sun raba waɗannan a 2011, suka ga gasar ce ke ɗaga zafin rai, ko da wasan tseren mota ne marar faɗa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san wannan ba tare da takarda ba: ba a kan Mortal Kombat aka fi jefar da abin riƙewa ba, a kan ƙwallo ne, idan aka zura wa mutum a minti na 90 bayan an sa kuɗi.

Binciken da ke bin yara na tsawon lokaci ya fi ƙarfi. Wani nazari na 2018 da ya tattara irin waɗannan guda 24, mai mutum sama da 17,000, ya samu alaƙa, amma 'yar ƙarama, har masana suka koma gardamar ko ta kai a damu da ita. A 2019 Andrew Przybylski da Netta Weinstein suka yi nazarin matasan Birtaniya kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15. Sun rubuta hanyar lissafinsu tun kafin su ga bayanan, kuma iyaye suka tambaya game da halin yaran maimakon yaran kansu. Ba su ga alaƙa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta tsaya a tsakiya a 2020: akwai ƙaramar alaƙa da abubuwa irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta wasannin da aikata kisa, kuma yin hakan na kawar da hankali daga dalilan da aka tabbatar.

Alƙaluman waje ma ba su taimaki masu zargi ba. Laifukan ta'asa na matasan Amurka sun kai ƙololuwa wajen 1993 da 1994, daidai lokacin Mortal Kombat da wasan harbi Doom, daga nan suka yi ta sauka shekara da shekaru yayin da cinikin gem ke ninkawa. Wannan ba hujja ba ce cewa gem ne ya rage laifi, amma ya karya hasashen da aka yi. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa wasa, kisan bindiga kuwa da ƙyar ake jin sa. Maharan makarantar Columbine na 1999 suna son Doom, haka ma miliyoyin tsaransu. Kwamitin da ya binciki harin jami'ar Virginia Tech na 2007 ya gano maharin ba ma'abocin wasannin yaƙi ba ne. A Agustan 2019, bayan harin da aka kai a kantin Walmart na El Paso, shugaba Donald Trump ya ambaci wasannin gem cikin dalilai, kantin kuma ya umarci a sauke tallunan wasanni masu tashin hankali, ya ci gaba da sayar da bindigogi.

A ganina gardamar kisa ta cinye lokacin da ya kamata a ba wa abin da ya fi kusa. Duk tsarin harafi da lamba an gina shi a kan hoto ɗaya: kanti, kwali, mai sayarwa da zai kalli fuskar yaro, uba da zai biya. Waya ta rushe wannan. PUBG Mobile, Call of Duty: Mobile da Free Fire kyauta ake sauke su, Free Fire ma an ƙera shi ne don ƙananan wayoyi, 'yan wasa 50 a zagaye na kimanin minti goma, shi ya sa ya bazu a ƙasashen da PlayStation ta fi ƙarfin aljihu. Lambar shekarun da ke Play Store daga takardar tambayoyi take fitowa, wadda kamfanin da ya ƙera wasan da kansa ke cikewa a ƙarƙashin IARC, tsarin tantancewa na ƙasa da ƙasa. A Kano ko Maraɗi ma ba lallai a bi ta Play Store ba, aboki ne zai tura ta Xender ko mai cajin waya ya loda, shagon gem kuma ba ya tambayar shekarun wanda ya biya kuɗin zagaye.

Kuma abin da lambar ba ta aunawa shi ne sauran mutanen da ke cikin wasan. Hukumar ESRB da kanta ta daɗe tana rubuta cewa mu'amalar intanet ba ta cikin abin da ta tantance. Ɗan shekara goma da ya sa abin ji a kunne yana tare da baƙi manya, da zaginsu da duk abin da suka ga damar faɗa. Ga akwatunan sa'a da ake saya da kuɗin gaske ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda Beljiyam ta ɗauka caca ce tun 2018. Ga lokaci: cutar jarabar wasan gem da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundinta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ba ta ambaci jini ko bindiga ba. Sharuɗɗanta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, wasa ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma yawanci a ɗauki wata 12 a haka.

Matakan da ke aiki ba su da wuya, sai dai kowanne yana da inda yake yoyo. A Play Store akwai sashen iyali a cikin saituna, inda ake kunna kulawar iyaye, a sa lambar sirri, a zaɓi iyakar shekaru. Wannan yana hana sabon saukewa ne kawai, ba ya taɓa abin da ke kan wayar tuni, kuma ba ya ganin abin da aka turo daga wata waya. Don toshe wannan sai an buɗe wa yaron asusunsa a ƙarƙashin Family Link, tsarin Google na kulawar iyaye, wanda ke ba da damar hana girka manhaja daga waje, da sa iyakar sa'o'i da lokacin da waya za ta kulle da dare. Kuskuren da aka fi yi shi ne miƙa wa yaro tsohuwar waya da asusun babba a kai, ko a ƙara masa shekaru wajen buɗe asusu don a huta da tambayoyi. Daga nan duk shingen ya tashi aiki, kuma idan akwai katin banki a maƙale, sayen lu'ulu'un cikin wasa danna biyu ne. A cikin wasan kansa, maɓallin da ya fi muhimmanci shi ne na murya: a kashe makirufo da lasifikar kowa da kowa, a bar ta abokan da aka sani. Maɓallin canza launin jini yana nan a wasu wasannin, ana iya mayar da shi kore, kamar yadda aka yi wa Ingila a 1997.